Takardun da Auta Ta Jiƙa da Gahawa

Ranar Lahadi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Yaya aiki? Yaya ƙafar da ka ce tana damunka in ka daɗe a tsaye? Ka gaida mini 'yata, ka gaida angona, ka ce masa ba zan karɓe shi ba sai haƙoransa na gaba sun fito. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Ƙanwarka Auta ce ta saita mini wayar, ita ta san lambobin buɗe ta. Kuma ka san bangon ɗakunan nan, in ka yi tari a ɗaya sai an ce maka sannu daga ɗayan. Shi ya sa na ɗauki biro. Direban da ya saba kai maka saƙo zai ba ka hannu da hannu. In ka ga wani harafi ya karkace ka yi haƙuri, ka san da girmana na koya.

Maganar Auta ce. Kwana goma ke nan gidan nan yana warin gahawa tun daga ƙofa. Ka san yarinyar nan ba ta shanta, tun tana ƙarama in ta ga ina sha sai ta toshe hanci. To yanzu gwangwani biyu ta sayo. Ta ɗauko butar babanku daga saman kabad, wadda shekara goma sha bakwai ba wanda ya ɗora ta a wuta, ta dafa gahawa baƙa ƙirin. Na zauna ina jiran in ga ta kai baki. Sai ta juye ta a babban tiren da muke tsince shinkafa, ta ɗauko farar takarda sabuwa fil, ta kwantar da ita a ciki.

Babana, ka ji fa. Takarda mai kauri, mai tsada, ko layi ɗaya ba a ja a kanta ba. Ta bar ta ta sha, ta ɗaga ta da yatsu biyu, ta barbaɗa mata garin gahawa da gishiri, ta kai ɗakinta ta shanya. Ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙusar agogo. Wasu takardun in sun bushe sai ta dunƙule su a hannu, ta warware, ta bi su da dutsen guga. Ɗaya har na ga ta kai gefenta kusa da kyandir. In ta gama sai ka rantse takardar ta girme ni.

Ba shi ke nan ba. Tana zuwa wurin mai shayin bakin titi tana karɓo fankon ledojin gahawa, tana wankewa. Ta yanko wani ɓangare na buhun algarara. Tsohon ƙyallen tata na babanku ma ya ɓace daga kicin. Kuma tana da almakashi har biyu, amma da hannu take yaga takarda, a hankali, tana cije leɓe.

Na tambaye ta. Ta ce aikin makaranta ne, na ƙarshe, wai liƙe-liƙe. Na ce liƙe-liƙe kuma? Shekara huɗu kina zuwa makarantar koyon zane don ki koyi abin da ɗan yayanki yake yi da abincinsa a jikin bango? Ta yi dariya ta ce, "Umma, za ki gani in an gama." Na ce a nuna mini yanzu mana. Ta ce ba yanzu ba. Tun daga ranar in za ta fita sai ta kulle ɗakinta ta tafi da makulli, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ni dai makarantar da na yi ta manya ce, ta shekara uku, amma na san abin da aka koya mana. Malama ba ta yarda ko kunnen takarda ya lanƙwashe. Wace makaranta ce za ta ce a ɓata takarda da gangan? Kai ka yi karatu mai zurfi, ka faɗa mini gaskiya. Kada ka kira ta, kada ka nuna mata mun yi magana.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka

Ranar Alhamis

Babana,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Amsarka ta iso, na karanta ta sau uku. Layi huɗu kacal. Ka ce in rabu da ita, haka masu zane suke. Na gode. Da a ce ka bari sai yau da ba haka za ka rubuta ba.

Jiya na buɗe adakata zan ɗauko katin asibiti. Ka san yadda nake ajiya: takardar gidan nan a sama cikin ledarta, an ninke ta uku, hatimin yana kallon ƙasa. Na same ta hatimin yana kallon sama. Na zazzage komai a kan gado. Littattafaina na makarantar manya guda biyar ne, na ƙirga na ga huɗu. Babu mai shuɗin bango, na farko.

Ka san abin da ke cikin wannan littafi? Sunana ne. Ban da 'yan shafukan farko, ba komai sai sunana, lokacin da nake koyon sa hannu. Ya fi sau ɗari uku.

Da safen nan da ta fito da sharar ɗakinta na ce ta bari zan haɗa da tawa. Na zauna a bayan kicin na tone ta da tsinke. Na samu guntun takarda kamar faɗin yatsu biyu, mai layi-layi, an rina shi da gahawa. Rabin sunana ne a jiki, da rubutuna.

Na kai wa maƙwabciyarmu mai ɗinki, don ka san mijinta ya yi aikin masinja a kotu. Ban ce mata na Auta ba ne, na ce a titi na tsinta. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce ai wannan tsohuwar dabara ce. Masu takardun jabu da ruwan shayi suke jiƙa sabuwar takarda, su goge ta, su kai wa alƙali su ce tun zamanin kakansu aka rubuta. Ta ce abin da ya fi ba su wuya shi ne sa hannun mai abu, in sun samu inda za su kwaikwaya kuwa, magana ta ƙare. Tana faɗa tana taka keke.

Kana makarantar kwana lokacin da aka fara yi mana irin wannan, ba ka ga komai ba sai labari. Kwana tara da rasuwar babanku Baffanku ya shigo da takarda da ɗan kwalin tawada. Ya ce ta ofis ce, don a san yawan marayu. Ya kama mini babban yatsa da kansa, yana cewa sannu, yaya haƙuri. Bayan wata biyu na je bakin tasha na tarar an sake wa shagon fenti, wani yana sayar da taya a inda babanku yake dafa shayi da gahawa. Abin da na fita da shi buta ce, da farin kofi mai karyayyen hannu, da rabin gwangwanin gahawa. A ranar na yi rantsuwa ba zan sake dangwala yatsa a takarda ba har in mutu. Abin da ya kai ni aji ke nan ina da shekara arba'in da ɗaya, ina zama a benci da 'yan matan da na haifi kamarsu. Ɗakunan nan biyu su kaɗai suka tsira.

Ba na cewa Auta muguwa ce, ni na haife ta. Amma yarinya ce, ana iya juya ta. Akwai wani mutum mai gilashi, dogo, siriri, da jakar fata. Sau biyu ina hango shi daga taga yana miƙa mata ƙunshi a bakin ƙofa. Ba ya shigowa ya gaida mutane. Shekaranjiya ita ta miƙa masa takarda, ya fito da abin awo ya auna tsawonta da faɗinta, ya rubuta a tafin hannunsa. Mutumin kirki me zai sa ya auna takarda a tsaye a titi?

Takardar gidan yanzu tana jikina, na ɗaure ta a ƙugu cikin leda. In na sunkuya tana ƙara, Auta har ta tambaye ni me ke motsi. Na ce ƙashina ne.

Ka yi tunani da kyau kafin ka sake cewa in rabu da ita. A gaida kowa.

Mahaifiyarka

Ranar Asabar

Babana,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya. Wannan gajera ce, direba yana jira.

Na yi abin da ya kamata. Yau da hantsi Auta ta fita sayen zare da sauri, ta manta makulli a jikin ƙofa. Na shiga. Ba wurin taka ƙafa. Takardu tara manya-manya a shimfiɗe a ƙasa kan jarida, kowace ita kaɗai, ba mai taɓa wata. An lilliƙa musu abubuwa, suna ƙyalli da danshi, ɗakin yana warin gam. Ban tsaya kallo ba don kunnena yana ƙofa, amma na ga abin da na zo nema. Sunana yana kan kusan kowace, wani a miƙe, wani a karkace. A kan ɗaya har da wani zagaye kamar hatimi.

Na tattara su, na ɗora ɗaya kan ɗaya, na naɗe da tsohon zane, na ɗaga katifata na tura ƙarƙashi. Na hau na zauna da carbi.

Da ta dawo na ji ta buɗe ƙofa. Can ta fito ta tsaya a bakin ɗakina ta ce, "Umma, wani ya shigo?" Na ce ni dai ban ga baƙo ba. Ka lura ban yi ƙarya ba. Ta duba bayan gida, ta duba kwandon shara, ta je har wurin masu kwasar bola. Ta dawo ta zauna a dandamalin kicin ta rufe fuska. Ban ji daɗi ba, amma na ce a raina in aikin makaranta ne me zai hana ta sake wani? Gahawa ba ta ƙare a kasuwa ba. Irin wannan firgita ta wanda ya yi wa wani alkawari ce.

Ka nemi izini a wurin aiki ka zo ranar Juma'a. Kai za ka buɗe su ka karanta, don ni in hankalina ya tashi haruffa rawa suke mini. In abin da nake zato ne, a tsakaninmu za mu kashe maganar, ba wanda zai ji. Ba kuma za ta sake taka makarantar nan ba.

Mahaifiyarka

Ranar Litinin

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da 'yata da yaron. Ni lafiyar jiki dai akwai ta.

Kada ka nemi izinin nan. Ban san ta inda zan fara ba, zan bi abin yadda ya faru.

Kwana biyu Auta ba ta ci abin kirki ba. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta zargi kowa ba, tana share gida tana wanke kwanuka kamar wadda aka aiko aiki. Yau bayan azahar aka yi sallama. Mai gilashin nan ne. Wannan karon ya shigo, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Na amsa masa da gefen baki, hannuna ɗaya a ƙuguna.

Ashe mai ɗinkin littattafai ne, shagonsa yana bayan makarantar su Auta. Ya ce ya kira wayarta tun Asabar ba ta ɗauka, shi ya sa ya zo. Ranar Alhamis da ƙarfe goma malamansu za su karɓi aikin, wanda bai kawo ba sai ya maimaita shekara. Shi kuma yana buƙatar yini guda ya huda shafukan da basilla ya ɗinke. Ya buɗe jakar fatar ya fito da bangon littafi, kwali mai kauri an lulluɓe shi da algarara, an ɗinka rubutu a kai da baƙin zare. Na bi shi da yatsa. An rubuta: Gahawar Umma.

Kada ka ɗauka nan take na sauko. Na ce a raina bango ai kowa yana iya yi, mai gilashi ma ya fi kowa iya shiri. Na tambaye shi me ya sa yake auna takarda a titi. Ya ce don bango ya zo daidai da shafi. Na ce me ya hana shi shigowa tun farko. Ya sunkuyar da kai ya ce ita ta hana, wai kada in yi ta tambaya. Na ce to ga shi ina yi.

Auta tana tsaye a jikin ƙofa, ta ce masa shafukan sun ɓace. Mutumin nan sai da ya cire gilashinsa. Ya ce duk taran? Ya ce ko iska ce ta kwashe su, Allah dai ya sa ba su haɗu da juna ba, don irin gam ɗin nan kwana biyu yake kafin ya bushe, in shafi ya taɓa shafi an gama.

Babana, kwana biyu ina kwana a kansu. Ka san nauyina.

Na tashi na shiga ɗaki na ɗaga katifa. Na warware zanen. Sun zama abu ɗaya, kamar katako. Na sa farce a gefe, sai na ji takarda tana yagewa, na tsaya. Shafin sama kawai ake iya gani, shi ma zanen ya bar masa zare-zare. Na kai shi bakin taga na zauna, na ce yau ko haruffa suna rawa sai na karanta.

Ba maganar gida a ciki. Ba saye, ba sayarwa. Guntun ƙyallen tatan babanku ne a kusurwa, an ɗinke shi da jan zare. A tsakiya yagaggen shafin littafina: ba, be, bi, bo, bu, da manyan haruffan nan nawa masu kama da ƙafar kaza. A gefensu wasu ƙanana da fensir, ba, be, bi, na wata 'yar shekara shida da take kwanciya a jikina a kan tabarma tana kwaikwayona. Na manta sam ta yi rubutu a littafin. Abin da na ce maka hatimi ne kuwa, gindin kofi ne. Ajinmu ƙarfe biyu na rana ake shiga, ni kuma tun asuba ina wankau, in na zauna sai gyangyaɗi. Shi ne na fara dafa ragowar gahawar babanku a 'yar tukunya, ba sukari, ina sha ina bita kafin in tafi. Kofin ya bar zagaye a kan shafin. Malama ta kewaye shi da jan biro ta rubuta: Tsafta! Kwana uku ina jin kunyar wannan jan biro. Shi Auta ta sa a tsakiyar shafi.

Na fito da shi a hannu. Na kwance ledar ƙuguna na ajiye a ƙasa, a gaban baƙo. Na faɗi komai, har da mai ɗinki, har da wasiƙun da na rubuta maka.

Na so ta yi ihu, da ya fi mini sauƙi. Ta kalli takardar gidan, ta kalle ni, ta ce, "Umma, ni ce Baffa?" Ta karɓi katakon ta shiga ɗakinta. Mai gilashi ya sa takalminsa a hagunce ya fita.

Har yanzu ƙofarta a rufe take. Na ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Ka yi mana addu'a.

Mahaifiyarka

Ranar Alhamis

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kun tashi lafiya. Yaya ƙafar? Saƙonka ya iso, da man zafin da 'yata ta aiko, Allah ya saka da alheri. Na ga inda ka rubuta ai ka faɗa mini. Ka faɗa. Sau ɗaya ya isa, kada ka maimaita.

Ranar Talata da sassafe ta fito, idanunta a kumbure. Ba ta gaishe ni da baki ba, ta durƙusa kawai ta miƙe. Ta ɗora butar babanku a wuta da ruwa zalla. Da tururi ya fara fita ta riƙe katakon a bakin butar, tana zura wuƙar teburi tsakanin shafi da shafi. Hannu biyu ba sa isa wannan aiki. Na tsaya a gefe har ta gaji, sannan ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Riƙe nan." Na riƙe.

Yini biyu muka yi a kicin. Tururi ya dafa mini yatsu, ban saki ba. Shafi shida sun rabu lafiya, sai ɗan sauyin launi. Biyu sun yage, ta ce ba komai, ta liƙe yagar da fankon ledar gahawa, wai ma sun fi kyau. Ni ban ga kyan ba, amma ba ni da bakin magana. Duk wanda ya fita sai in ɗauke shi a tafin hannu in kai ɗaki in shimfiɗa shi kaɗai, nesa da ɗan'uwansa, in tsaya ina korar ƙuda.

A nan na gan su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ta zana butar da gahawa kawai, ba fenti, mai duhu a gindi mai haske a sama. Akwai mai hoton shagon bakin tasha, wanda ban san tana da shi ba. Akwai wanda sunana ne kawai daga sama har ƙasa, na farko a karkace kamar zai faɗi, yana miƙewa a hankali, na ƙarshe kamar na ma'aikaciya. Ta ce malaminsu ya ce kowa ya zaɓi abu ɗaya na gidansu ya yi littafi a kai. Wata ta zaɓi madubi, wani ya zaɓi keken babansa.

Da bakinta ya buɗe na ce ni ma ina da tawa. Wa ya ba ta izinin buɗe mini adaka, ta yaga mini littafi? Ta ce ba kowa. Ta ce da ta tambaya da na hana, don kullum ina ɓoye shi kamar abin kunya. Na ce da na hana ɗin, kuma nawa ne. Ta ce gaskiya ne, in yafe mata. Na ce na yafe, ita fa? Ta ce tana ƙoƙari. Ban matsa ba.

Shafi na tara bai tsira ba. Shi ne a can ƙasa, shi ya sha nauyina. Fuskarsa ta bi bayan na takwas, ta zama dusa. A kansa ne ta liƙa ranar da na fara rubuta cikakken sunana ba tare da na kalli allo ba, inda Malama ta sa: Madalla. Guda ɗaya ne a duniya, ni na kashe shi. Ta ba ni wata rinanniyar takarda ta ce in sake rubutawa irin na da. Na gwada sau biyar. Hannun ya ƙi karkacewa, ya riga ya iya.

Jiya da la'asar mai gilashi yana zaune a tsakar gida da basillarsa yana jira, Auta tana kallon farin wuri a tsakiyar sabon shafin na tara. Can ta ce da ma littafin ta wurin da bai kamata ba ta fara shi. Kafin ba, be, bi, akwai wani abu. Ta zuba gahawa mai kauri a murfin gwangwani ta turo gabana. Ta ce in ba na so ba dole, ta san na yi rantsuwa.

Na kalli murfin, na kalli babban yatsana. Na ce a ba ni takardar. A ƙasanta ta yi rubutu layi biyu da fensir. Na ce ba mai karanta mini. Na bi shi da yatsa da ƙarfi, kowa yana ji: Wannan yatsan Umma ne. Sau ɗaya aka kama mata shi, daga nan ta koyi riƙe biro. Na juya bayan takardar na duba, ba komai. Na ɗaga ta sama na haska da rana, ba komai. Auta ta ce, "Umma, ko a kira mijin mai ɗinki ya duba?" Mai gilashi ya ƙware da dariya, na harare shi.

Sannan na tsoma yatsana da kaina, na dangwala. Ba wanda ya riƙe mini hannu. A ƙarƙashinsa na sa hannu da biro, da irin rubutuna na yanzu. Kaffarar rantsuwar zan yi, azumi uku ne, gobe zan fara.

Ta ce wannan shafin shi zai zama na farko. Mun bushe shi da dutsen guga ta bayan ƙyalle, mai gilashi ya ɗinke littafin a gabana, na ƙirga hudar, bakwai. Yau da ƙarfe tara ta fita da shi a rungume cikin sabon zanena. Ba ta dawo ba tukuna, ban san abin da malaman za su ce ba. Da za ta fita ta bar ɗakinta a buɗe. Ban shiga ba. Na leƙa dai daga bakin ƙofa.

Takardar gidan na mayar da ita adaka, makullin yana kan ƙusar kicin inda kowa yake gani. Shi kuma mai gilashin, na lura bai karɓi ko ruwa ba sai da ita ta miƙa masa, kuma ya san inda muke ajiye tabarma. In ka zo ka bi ta bayan makarantar ka gano mini shagon, ka ji ɗan gidan wane ne.

Ka gaida 'yata da angona. Zagayen da ka gani a ƙasan takardar nan gindin kofi ne, ban lura ba na ajiye. Ba zan sake kwafe ta ba, ka karanta haka.

Allah ya yi muku albarka, ku duka biyun.

Mahaifiyarka